Wa Ke Gani, Wa Ake Gani? Tarken Labarin "Birni Mai Basira" Daga Gonakin Makoda

Gabatarwa

Kowace annoba takan bar labari a bayanta, kuma ba kasafai waɗanda suka yi jana'iza ke samun damar tsara shi ba. Labarin da cutar korona ta bari, wanda ake ta maimaitawa a tarukan masu tsara birane da takardun kamfanonin sadarwa tun daga shekarar 2020, ya ginu ne a kan alƙawari guda: garin da ya cika titunansa da asibitocinsa da kasuwanninsa da na'urori masu haɗe da intanet, annoba ba za ta ƙara shammatarsa ba. Irin wannan gari shi ake yi wa laƙabi da "birni mai basira". Na'urorin da ake nufi ƙananan abubuwa ne da ke auna zafin jiki, ko cunkoson jama'a, ko gurɓatar iska da ruwa, su aika da sakamakon zuwa wata cibiya ba tare da wani ya ɗauki alƙalami ya rubuta ba. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Kevin Ashton ne ya raɗa wa tsarin suna a 1999, sunan da za a iya kawowa cikin Hausa a ce "intanet ɗin kayayyaki".

Manufata a wannan muƙala ita ce in ɗauki wannan alƙawari kamar yadda ɗalibin adabi ke ɗaukar ƙagaggen labari, in tarke shi da kayan aikin da muka saba da su. Yana da jigo, yana da tauraro da 'yan rakiya, yana da dandalin da aka gina shi a kai, yana kuma da wuraren da mai ba da labarin ya tsallake. Inda zan tsaya in yi kallon shi ne Makoda, ƙaramar hukuma a arewacin jihar Kano, maƙwabciyar Ɗambatta, ƙasar gero da dawa da gyaɗa. Hujjar da nake son kafawa ita ce, abin da ya kamata a auna na'ura mai haɗi da shi shi ne abin da ke komawa ga mutumin da ta ƙirga. Idan bayani ya tafi sama bai dawo da komai ba, to an yi ƙidaya, ba a yi haɗi ba.

Jigon Labarin da Zubinsa

Jigon labarin birni mai basira shi ne gani. A cewar masu shi, annoba ta ci galaba a kan birane ne saboda hukuma ba ta ga cutar da wuri ba, don haka maganin shi ne a ƙara wa birni idanu. Zubin labarin kuwa irin na tatsuniyar dodo ne: gari na cikin zaman lafiya, dodo ya shigo cikin duhu, sai jarumi ya zo da fitila. Misalan da ake kawowa kusan kullum ɗaya ne. Ƙasar Singafo ta fito da manhajar TraceTogether a watan Maris na 2020, wadda a lokacin take sa wayoyi su riƙa lura da wayoyin da suka kusance su, domin idan wani ya kamu a san waɗanda ya yi cuɗanya da su. Ƙasar Sin kuma ta ba kowane mutum lambar lafiya a wayarsa mai launin kore ko rawaya ko ja, wadda da ita aka riƙa shiga jirgi da kasuwa.

Mai tarke yakan tambayi inda marubuci ya yanke labarinsa, domin wurin tsayawa ma salo ne. A watan Janairu na 2021 gwamnatin Singafo ta amsa a gaban majalisa cewa 'yan sanda na iya karɓar bayanan TraceTogether domin binciken laifi, alhali tun farko an shaida wa jama'a cewa na bin sawun cuta ne kawai. A watan Yuni na 2022, a lardin Henan na ƙasar Sin, mutanen da kuɗinsu ya maƙale a wasu bankunan karkara suka tashi zuwa neman haƙƙinsu, sai lambobin lafiyarsu suka koma ja ba tare da sun kamu da komai ba. A birnin Toronto na Kanada kuwa, kamfanin Sidewalk Labs, ɗan'uwan Google, ya janye shirinsa na gina unguwa mai cike da na'urori a watan Mayu na 2020, bayan shekaru ana taƙaddama a kan wanda zai mallaki bayanan mazauna unguwar. Waɗannan su ne babukan ƙarshe na labarin, kuma su ne ake yagewa kafin a miƙo mana littafin. Fitilar da jarumin ya zo da ita tana da mai riƙewa, shi ne kuma ke zaɓar inda zai haska.

Yadda Kano Ta Ƙirga Matattunta

Idan muka sauke labarin a ƙasarmu, sai mu ga ɗinkinsa ya fara warwarewa tun daga shafin farko. An tabbatar da mutum na farko da ya kamu da korona a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020, a Legas. A Kano kuwa sai ranar 11 ga Afrilu. Cikin mako guda gwamnatin jiha ta kafa dokar kulle, sannan ranar 27 ga watan Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umarnin rufe Kano baki ɗaya na tsawon mako biyu. A daidai wannan tsakanin ne aka fara yawan mace-mace a cikin birni, musamman na dattawa, kuma ɗakin gwajin cutar da ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya dakatar da aiki na wasu kwanaki.

Wa ya fara sanar da duniya cewa mutuwa ta yi yawa a Kano? Masu haƙa kabari ne. Su suka lura cewa gawar da suka saba binnewa cikin mako yanzu a yini ake kawo ta. Da gwamnatin tarayya ta turo kwamitin bincike, hanyar da ya bi ita ce ta baka: aka je gidajen mamata aka tambayi iyalansu yadda ciwon ya fara da yadda ya ƙare. A watan Yuni ministan lafiya, Dakta Osagie Ehanire, ya bayyana cewa an ƙirga mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma mai yiwuwa kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na da alaƙa da korona.

Darasi biyu ke cikin wannan al'amari. Na farko, a lokacin da birni mafi girma a Arewa ya buƙaci sanin halin da yake ciki, ma'aunin da ya yi aiki shi ne ƙwaƙwalwar talaka mai riƙe da diga da shebur, da bakin matar da ta yi jinyar mijinta. Mai son kare labarin na'ura zai ce ai wannan ma hujjarsa ce, da akwai na'urori da an gani da wuri. Amma gibin da ya bayyana a Kano gibin rajistar mutuwa ne, aikin da littafi da malamin rubutu mai albashi ke iya yi, aikin da kuma babu na'urar da za ta yi shi a inda ba a ɗora wa kowa nauyinsa ba. Na biyu, ƙidayar ta tsaya a ƙananan hukumomi takwas daga cikin 44 da jihar ke da su. Makoda na cikin 36 da suka rage. Idon da aka buɗe na gaggawa ya kalli birni, ya juya wa karkara ƙeya.

Dandalin da Aka Yanke

Babban aibin labarin birni mai basira, a nawa nazarin, yana ga dandalinsa. Yana zana birni kamar tsibiri, mai iyaka a inda kwalta da fitilun titi suka ƙare. Kano ba ta taɓa zama haka ba. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin karkarar Kano tun shekarun 1960 yana Jami'ar Ahmadu Bello, ya nuna yadda ƙasar da ke kewaye da birnin take ɗauke da jama'a masu yawan gaske, ana noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da an bar ta ta huta ba. Abin da ya riƙe wannan tsari shi ne kai-da-komo. Jakuna sun riƙa shiga birni da itace da hatsi, su fito da taki zuwa gonakin da ke kusa. Idan rani ya yi, matasan ƙauyuka su tafi cin rani, damina na faɗuwa su dawo. Wannan haɗi ne na gaske, mai tafiya da dawowa, kuma ya girmi waya da ɗaruruwan shekaru.

Makoda, wadda ƙidayar 2006 ta nuna mutanenta sun haura dubu 220, tana cikin wannan sarƙa har yau. Hatsin da aka sussuka a Koguna ko Maitsidau ko Wailari yakan bi ta kasuwannin ƙauye ya dire a Dawanau. Dabbar da aka kiwata a bayan gida takan bi ta kasuwar Ɗambatta ta ƙare a mahautar birni. Kayan lambun noman rani na gefen madatsar ruwan Tomas, a tukunyar birni suke dahuwa. Da dokar kulle ta zo, ta faɗo ne cikin watan azumi, gab da saukar damina, lokacin da manomi ke buƙatar sayar da ɗan abin da ya adana domin ya sayi taki da iri. Aka rufe hanyoyin tsakanin jihohi har zuwa farkon Yuli. Aka kwashi almajirai daga wannan jiha zuwa waccan, aka mayar da su ƙauyukan iyayensu. Ɗan cin rani da ke turin ruwa ko faskare a birni ya wayi gari babu ciniki. Ko da cutar ba ta yi wa ƙauye irin kamun da ta yi wa birni ba, dokar da aka yi domin birni a ƙauye ta sauke kayanta.

Saboda haka duk labarin da ya yi alƙawarin tsare birni ta hanyar sa ido a kan titunansa kawai, ya manta da cikinsa. Birnin da zai iya gaya maka yawan motocin da suka bi ta gadar Ƙofar Nasarawa a cikin sa'a guda, amma bai san ko an samu ruwan shuka a arewacin jihar ba, basirarsa ta tsaya a ƙofar gari.

Tauraro na Gaskiya

A cikin ƙagaggen labari, wani lokaci wanda marubuci ya naɗa tauraro daban ne da wanda ya ɗauki nauyin labarin. Haka abin yake a nan. Na'urorin da suka riƙe mutanen karkarar Kano a lokacin kulle da bayansa guda uku ne, kuma babu ɗayansu da ake zana hotonsa a bangon takardun birni mai basira.

Ta farko ita ce ƙaramar waya mai maɓallai, wadda cajinta ke kwana uku. Da ita ɗan cin rani ya sanar da gida cewa yana raye, da ita aka yi ta'aziyyar da dokar kulle ta hana a je a yi, da ita dillali ya tambayi farashin buhu kafin ya yi lodi. Ta biyu rediyo ce. Da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, 'ya'yan masu hali a birni suka koma karatu ta intanet, yaron ƙauye kuwa abin da ya isa gare shi shi ne darussan da aka riƙa sawa a gidajen rediyo. Haɗuwar waya da rediyo ma ta haifar da abin da na'urorin zamani suka kasa: a shirye-shiryen da ake buɗe layi, mutumin ƙauye yakan kira ya faɗi cewa famfon garinsu ya lalace, jihar duka ta ji, har da wanda abin ya rataya a wuyansa. Ta uku ita ce na'urar POS, wadda ta mayar da ɗan shago a bakin kasuwa banki a garuruwan da reshen banki bai taɓa zuwa ba.

Kowace daga cikin ukun nan tana da mutum a tsaye a bayanta. Akwai mai cajin waya da janaretansa ko farantin sola, da mai gyara da ya koyo sana'a a kasuwar Farm Centre, da mai tura waƙoƙi da fina-finai da karatun malamai a katin memori. Ta hannun wannan na ƙarshe fim ɗin da aka ɗora a YouTube a birni yake isa ƙauyen da sabis ɗinsa ba ya iya buɗe hoto. Labarin birni mai basira yana mafarkin na'urar da za ta yi magana da na'ura a cire ɗan'adam daga tsakani. A Makoda kuwa haɗin bai yiwu ba sai da aka sa ɗan'adam a tsakanin.

Wani abin lura shi ne, a watan Afrilu na 2020 jita-jita ta bazu a wayoyin jama'a cewa fasahar 5G ce ke haddasa korona, har aka ƙona turakun sadarwa a Ingila. A lokacin ba a ma fara amfani da ita a Nijeriya ba, sai a 2022 kamfanin MTN ya buɗe ta a wasu birane, ciki har da Kano. Tsoron na'urar ya riga na'urar isowa ƙauye, kuma ta cikin wayar da ke aljihu ya shigo.

Na'urar da Ta Yi Tafiyar Ƙasa

Ba daidai ba ne mai tarke ya nuna aibi kawai ya yi shiru a kan inda abin ya yi kyau. Jihar Kano tana da misali na gida na na'ura mai haɗi da ta yi amfani, kuma a karkara ta yi shi. A yaƙin da aka yi da cutar shan inna, an fara ɗibar ruwan magudanai a birnin Kano a 2011 ana gwadawa domin gano ko ƙwayar cutar na yawo. Daga baya aka yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam aka zana taswirar garuruwa da ƙananan ƙauyuka da rugage, waɗanda da yawansu ba sa cikin tsofaffin taswirorin da ake zanawa da hannu. Aka riƙa ba masu allurar rigakafi wayoyi da ke nuna sawunsu, ta yadda da yamma za a ga unguwar da aka shiga da wadda aka tsallake, a koma mata. Ƙungiyar eHealth Africa da ke Kano na cikin waɗanda suka gudanar da wannan aiki. Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama a jihar an same shi ne a Sumaila a watan Yuli na 2014, kuma ranar 25 ga Agusta, 2020, ana tsakiyar korona, aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita.

Me ya bambanta wannan da alƙawarin birni mai basira? Na'urar ta sa ido ne a kan ma'aikaci domin amfanin talaka. Abin da ta gani kuma ya dawo ƙauye a matsayin mutum mai ɗauke da akwatin magani. Sannan ba ita kaɗai ta yi aikin ba. Kowa ya san an dakatar da rigakafin a Kano a 2003 saboda zargi, zargin da ke da tushe a gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a birnin lokacin annobar sanƙarau ta 1996. Taswira ba ta buɗe ƙofar gidan da aka rufe saboda rashin yarda. Sai da sarakuna da hakimai da dagatai da masu unguwanni da malamai suka shiga gaba, sannan sawun da wayar ke nunawa ya zama sawun da ya shiga zaure.

Igiya a Hannun Wa?

Shekarun da suka biyo bayan korona sun nuna wa mutumin karkara ɗaya fuskar haɗin. Tun a lokacin kulle aka yi maganar tantance masu cancantar tallafi ta hanyar duba kuɗin da ke asusun banki da yawan katin da mutum ke sa wa wayarsa. Wanda ba shi da asusu, layin da ke gidansu kuma da sunan wani aka yi masa rajista, ma'aunin ba zai gan shi ba ko da shi ne ya fi kowa buƙata.

A watan Disamba na 2020 gwamnatin tarayya ta ba da umarnin kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN. Jama'a suka yi cincirindo a ofisoshin rajista a daidai lokacin da ake gargaɗin a guji cunkoso, kuma a watan Afrilu na 2022 aka hana miliyoyin layuka kira. A watan Satumba na 2021 aka katse sabis a jihar Zamfara baki ɗaya da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda matsalar 'yan bindiga, har mutane suka riƙa yin tafiya zuwa wani gari domin su yi kira ɗaya. A farkon 2023 kuma sauyin takardun naira ya janyo ƙarancin tsabar kuɗi. Aka ce kowa ya koma tiransifa. A kasuwannin ƙauye sai kaya suka zama da farashi biyu, na tsaba da na waya, mai sayar da akuya ya tsaya yana jiran alat da bai shigo ba, mai POS ya tsauwala lada, tsohuwar da ba ta da asusu ta karyar da kayanta ga duk wanda ke riƙe da takarda.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai yana da dalilin da hukuma ta bayar, kuma wasu dalilan masu nauyi ne. Abin da ya shafi wannan tarke shi ne siffar da suka yi tarayya a kanta. A dukkansu an yanke hukunci daga sama, ya sauko ta cikin na'ura, ya isa ƙauye cikin dare ɗaya, ita kuwa amsar ƙauye ba ta da hanyar hawa da irin wannan sauri. Jakin da ke kai itace birni, mai shi ne ke riƙe da igiyarsa. Wayar da ke aljihun manomi kuwa igiyarta na hannun wanda bai taɓa gani ba.

Ina Adabinmu Ya Tsaya?

Korona ta sauya yadda ake shan adabin Hausa. A 2020 ne shirye-shirye masu dogon zango irin su Izzar So da Labarina suka ja ɗimbin masu kallo, marubutan zube kuma suka ƙara karkata ga WhatsApp da manhajojin karatu. Ke nan adabin kansa ya koma zama cikin waya. Duk da haka, a yawancin abin da na karanta ko na kalla, wayar fuska biyu kawai ake ba ta. Ko dai ta zama shaiɗan, mai raba aure da lalata tarbiyyar budurwa, ko ta zama aljanin tatsuniya, wanda idan marubuci ya rasa yadda zai warware ƙulli sai a samu wani ya naɗi muryar mugu a ɓoye. A duka biyun an ɗauki na'urar a matsayin ƙaddara, abin da ya faɗo daga sama. Ba a tambayar wanda ya kafa turken sabis da dalilin da ya sa ya kafa shi a bakin titi bai kafa a cikin lungu ba, ko wanda ke iya kashe layin, ko inda bayanan ke kwana.

Tun a ƙarshen shekarun 1970 Abdulƙadir Ɗangambo ya rubuta Kitsen Rogo a kan ruɗin da birni ke yi wa matashin ƙauye. A wancan zamani sai matashi ya hau mota kafin ruɗin ya same shi. Yanzu birnin ne ke zuwa ya same shi a gindin bishiya, da tallansa da dokarsa da bashinsa. Wannan sabon jigo ne da ke jiran marubuci. Mai cajin waya da ya san sirrin rabin gari, da matar da mijinta ke cin rani kuma abincin gidanta ya dogara da alat, da mai haƙa kabarin da ya riga likita sanin cewa annoba ta shigo, duk taurari ne da suka isa ɗaukar littafi.

Kammalawa

Na tarke labarin birni mai basira na same shi da jigo mai jan hankali da dandali yankakke. Ya naɗa na'ura tauraro, ya mayar da mutanen da ke sa ta aiki 'yan rakiya, ya kuma rufe littafin kafin a ga wanda fitilar ke hannunsa. Wannan bai sa na ce a juya wa na'ura baya ba, domin yaƙin shan inna ya nuna abin da take iya yi idan aka ɗora ta a kan ƙafar ma'aikaci da yardar jama'a.

Abin da Kano ke buƙata kafin annoba ta gaba ba shi da ƙyalli. Mai unguwa a Satame ya iya aika rahoton haihuwa da mutuwa ta ƙaramar wayarsa, a kuma samu wanda aikinsa ne ya karanta ya aiko da ma'aikacin lafiya. Hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa kowace shekara ya isa kunnen manomi da Hausa, cikin murya, kafin ya zuba iri. Duk dokar da za ta bi ta cikin waya a fara gwada ta da halin tsohuwar da ba ta da asusu. Mu ɗaliban adabi kuma, idan aka kawo mana labarin birnin gobe, mu yi masa tambayoyin da muke yi wa kowane littafi: wa ke ba da labarin, wa aka hana magana a cikinsa, kuma me ya koma ga wanda aka ƙirga?